Ƙirga Kifi ko Hutar da Ruwa: Nazari kan Iyakance Su a Madatsar Tono da Kogunan Arewacin Gana

Tsakure

A ƙasashen da ake kamun kifin salmon don sha'awa, hukumomi sun saba rage yawan kifin da aka yarda mai fatsa ɗaya ya tafi da shi gida duk lokacin da aka ga kifin ya ja baya. Wannan maƙala ta ɗauki wannan dabara ta auna ta da halin da su yake ciki a arewacin Gana: madatsar ruwa ta Tono a Navrongo, Farin Volta ta wajen Bawku, kogin Oti gabas da Yendi, da bakin Tafkin Volta kudu da Salaga. An nazarci dokokin Gana, aka kwatanta su da tsarin Kabawa na Argungu da abin da ya faru a Tafkin Kainji. Nazarin ya gano cewa ƙa'idar ƙirga kifi tana tsaye ne a kan sharuɗɗan da waɗannan ruwaye ba su cika ba, kuma iyakar da za ta yi aiki a nan ita ce ta wuri da lokaci da kayan su, muddin masu ruwan ne suke riƙe da ita.

Muhimman kalmomi: su, hurumin ruwa, idon raga, Tono, Volta.

1.0 Gabatarwa

A watan Yunin 2024, ana tsakiyar lokacin kamu, hukumar kula da muhalli ta ƙasar Norwe ta rufe koguna 33 ga masu kamun salmon, domin kifin da ya hauro daga teku a shekarar bai kai yadda aka saba ba. Kafin nan, an hana kamun wannan kifi a tekun jihar Kaliforniya ta Amurka a 2023, aka kuma maimaita a 2024. Mai karatu a zangon Navrongo ko na Salaga zai iya cewa wannan damuwar masu ƙoshi ce, tunda da yawa daga cikin waɗanda aka hana don sha'awa suke jefa fatsa, tukunyarsu ba ta jiran abin da za su kamo. Amma tambayar da ta tilasta wa waɗancan hukumomi ɗaukar mataki ita ce take jiran mu a bakin Tono: idan ruwa ya fara gazawa, wa za a ce ya sassauta hannu, kuma da wace irin ƙa'ida?

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan magana. Tun zamanin fataucin goro ayarin Kano da Katsina da Kabi suke sauka Salaga ta hanyar Yendi, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran zanguna na bakin Volta. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, a Kete Krachi ya rasu a 1934, tsohon garin da ya zauna kuwa ruwa ya cinye shi bayan an datse kogin a Akosombo. Har gobe Hausa na cikin harsunan da ake cinikin banda da su a kasuwannin wannan yanki. A ƙasar da kifi ke ba da kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da mutane ke samu daga nama da dangoginsa, raguwar kamu magana ce ta abin da yaro zai tarar a miyarsa.

2.0 Hanyar Nazari

Nazarin ya dogara ne da karatun dokoki da ayyukan manazarta da kwatanta wuri da wuri. An kasa iyakokin su gida huɗu: iyakar adadi, wato kifi nawa mutum zai ɗauka, iyakar lokaci, iyakar wuri, da iyakar kayan aiki. Ra'in da aka jingina da shi shi ne na Elinor Ostrom, wadda a littafinta na 1990 ta ƙalubalanci Garrett Hardin. Hardin ya yi hasashe a 1968 cewa duk dukiyar da ta zama ta kowa ƙarshenta lalacewa. Ostrom ta nuna, da misalai daga makiyaya da manoman rani da masunta, cewa al'umma kan iya tsare dukiyar haɗaka idan iyakarta sananniya ce, masu amfani da ita ne suka tsara ƙa'idar, kuma mai sa ido daga cikinsu ya fito.

3.0 Abin da Ya Sa Ake Iya Ƙirga Salmon

Salmon a kogi yake ƙyanƙyashewa, ya gangara teku ya girma, sannan ya juyo ya haura kogin da aka haife shi don ya zuba ƙwai. Wannan ɗabi'a ita ce ginshiƙin dokar. Tunda kowane kogi da nasa kifin, kuma dole ya bi ta bakin kogin kafin ya isa mazubar ƙwai, ana iya kafa na'urar ƙirga a wani matsatsi, a lissafa ƙwan da ake bukata don zuriya ta ɗore, a ce abin da ya ragu shi ne rarar da za a kama.

Ƙasar Ailan ta kai wannan tsari matuƙa. Tun 2001 duk salmon da mai fatsa ya kashe sai ya maƙala masa wata alama mai lamba, ya kuma rubuta shi a littafin da aka ba shi tare da lasisi, kuma akwai iyakar adadin da zai ɗauka a shekara. Daga 2007 aka hana ragar da ake saki tana bin igiyar ruwa a teku, domin tana haɗa kifin koguna daban-daban, mai ƙarfi da mai rauni, gwamnati kuma ta biya masuntan diyya. Kowace shekara ana sake duba koguna: wannan a buɗe, wannan a kama a saki, wancan a rufe. Sukotlan ta bi sahu a 2016 da kasa kogunanta mataki uku, na ukun ba a yarda a kashe ko ɗaya a cikinsa ba.

Idan aka duba da kyau, abubuwa uku ne suka riƙe wannan tsari. Kifin iri ɗaya ne, babba ne, ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Mai kamun sananne ne, da sunansa a rajista. Na ukun, wanda ya fi nauyi, shi ne cewa idan aka ce ya mayar da kifin ruwa, iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba. Duk da haka ma tsarin bai dawo da salmon yadda yake a da ba, domin ɗumamar teku da madatsun ruwa da ƙwarin da ke yaɗuwa daga gonakin kifi suna ci gaba da aikinsu. Rage hannun mai fatsa yana sayen lokaci ne kawai kafin a gyara ruwan. Wannan darasi shi ne ya fi cancanta mu ɗauka.

4.0 Ruwaye Huɗu, Hali Huɗu

An gina madatsar Tono tsakanin 1975 da 1985 don noman rani, kamfanin gwamnati na ICOUR ne kuma yake kula da ita tare da ta Vea da ke kusa da Bolgatanga. Idan ta cika, fuskar ruwanta kan kai kimanin hekta 1,860, tana riƙe da ruwa wajen kubik mita miliyan 93, an kuma tsara ta don shayar da fili kusan hekta 2,490 na shinkafa da tumatir da waken soya. Kifi a nan riba ce da ta zo a kan hanya. Ruwan da ke cikin dam ɗin na manomi ne tun asali, kuma jadawalin sakin ruwa shi yake yanke hukuncin inda kifi zai zauna. Daga watan Nuwamba, da iskar hunturu ta kama, ruwa na ja da baya ta hanya biyu, ta magudanan rani da ta tururi, har zuwa Maris da Afrilu lokacin da kifi ke cunkushewa a ɗan zurfin da ya rage. Kifin da ya fi yawa a kamu shi ne dangin karfasa, sai tarwaɗa da wasu 'yan uwanta marasa ɓawo.

Farin Volta, wanda mutanen Burkina Faso ke kira Nakambe, halinsa dabam ne. Kogin fadama ne: da damina ya cika ya malala cikin ciyawa, da rani ya tsinke ya zama gurabe. Tun da aka datse shi a Bagre a 1992, ba nisa da iyakar Gana, zuwan ruwa a yankin Bawku ya koma bin buɗe ƙofofin dam, yawanci a Agusta ko Satumba. Kowa a yankin ya san ɓarnar da wannan ruwa ke yi wa gonaki, musamman irin ta 2007. Abin da ba a cika kawowa a lissafi ba shi ne kifi. Tarwaɗa da ruwan farko take fita ta zuba ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya rufe, kuma 'ya'yanta suna bukatar makonni a fadama kafin ruwa ya janye. Ambaliyar da ta zo a makare, ta zo da ƙarfi, ta kuma janye da sauri, ba ta yi wa kifi aikin cikowar kogi ta ɗabi'a.

Akwai wani tarihin da ya shafi wannan kwari duka. Shekaru da yawa cutar makantar kogi ta kori mutane daga bakin Farin Volta da Jan Volta da Sissili. Shirin yaƙi da cutar, wanda aka gudanar daga Wagadugu tsakanin 1974 da 2002, ya yi nasara, jama'a suka koma bakin ruwa da garma da raga. Alheri ne babba, amma yana nufin cewa hutun da waɗannan koguna suka daɗe suna samu ba don an shirya ba ya ƙare, kuma babu abin da zai maye gurbinsa sai hutun da mutane suka shirya da kansu.

Ta gabashin Yendi, kogin Oti ya fito ne daga ƙasashen Benin da Burkina Faso ya ratsa Togo, a wasu wurare ma shi ne iyaka. Dokar da ta tsaya a gaɓa ɗaya ba ta da tasiri a kan mai jirgin da ke ɗaya gaɓar.

Salaga kuwa ƙofarta ga ruwa ita ce Makango, inda ake ƙetarawa zuwa Yeji, babbar kasuwar kifi ta arewacin Tafkin Volta. Tafkin, wanda ya samu bayan kammala Akosombo a 1965, ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500, kuma ya jawo masunta daga kudu, musamman Ewe na ƙasan Volta. A nan su sana'a ce ta dukan shekara, da jirage masu inji da ma'aikata, da dabaru irin su nutsar da guntayen icen gora masu rami, waɗanda wasu kifaye marasa ɓawo ke shiga don zuba ƙwai, a ɗago su da uwa da ƙwan gaba ɗaya.

5.0 Dokar da Ta Fuskanci Teku

Gana ba ta rasa doka ba. Dokar Kamun Kifi ta 2002, mai lamba 625, ta ba hukumar kamun kifi ikon ayyana lokacin rufe ruwa, ta kuma haramta su da abin fashewa ko guba. Ƙa'idojin 2010, masu lamba 1968, sun shiga daki-daki: ragar da ake kafawa a kogi idan ta murɗaɗɗen zare ce idonta kada ya gaza milimita 50, idan ta roba ce kada ya gaza milimita 75, wato kimanin inci biyu da inci uku. Sun hana tara kifi da hasken lantarki, sun hana tara shi da icen gora. A 2025 an yi sabuwar doka mai lamba 1146, wadda a cikin abin da ta kawo har da faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwalekwale a teku daga mil 6 zuwa mil 12.

Amma duk wanda ya bi tarihin zartar da waɗannan dokoki zai ga hankalin gwamnati yana ga gaɓar teku. Rufe ruwa na shekara-shekara ya fara da manyan jiragen ja a 2016. An so a haɗa da masu kwalekwale a 2018, suka ƙi, aka ɗage. Sai a 2019 aka yi na farko, daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, a 2021 kuma aka mayar da shi watan Yuli. Dalilin wannan himma a bayyane yake. Ƙananan kifayen teku da talaka ke ci sun faɗi warwas, sannan Tarayyar Turai ta yi wa Gana gargaɗi kan kamun da ya saɓa doka a 2013, ta ɗage a 2015, ta sake maimaitawa a 2021. Kifin Tono ba ya zuwa Turai, saboda haka babu wanda ke matsa wa kowa a kansa daga waje.

Takaddamar 2018 tana da amfani ga mai nazarin ruwayen arewa. Masuntan gaɓa ba su jahilci hutar da ruwa ba, domin tun kaka da kakanni da yawansu ba sa shiga teku ranar Talata. Abin da suka ƙi shi ne umarnin da ya sauko musu daga sama cikin gaggawa, a lokacin da suke sa ran kamu mafi yawa.

6.0 Inda Ƙirga Ke Karyewa

A ɗauka an ce kowane masunci a Tono kada ya wuce kifi 20 a rana. Ragar da ya kafa da yamma ya ɗaga da asuba ba ta zaɓe. Ta kama karfasa da tarwaɗa da kurungu a haɗe, mafi yawansu sun riga sun mutu, mayar da su ruwa asara ce kawai. Cinikin da kwano ko daro ake yinsa, ba da ƙirge ba. Wuraren da jirage ke tsayawa suna da yawa, kuma mai birgi ko yaron da ke jefa ƙugiya daga gaɓa ba ya bi ta kowace kwata. Da yawa daga masu shiga ruwan manoma ne da ke neman kuɗin taki ko na makaranta. Ƙa'idar da ba za a iya tabbatar da ita ba ta fi rashin ƙa'ida illa, domin tana koya wa mutane cewa doka abin ciniki ce tsakaninsu da mai kaki.

Maganar idon raga ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya kamata a yi mata adalci. Masunta Hausawa da yatsa suke auna ido: mai yatsa biyu, mai yatsa uku, mai yatsa huɗu. Hujjar doka ita ce a bar kifi ya hayayyafa ko sau ɗaya kafin a kama shi. Sai dai karfasa tana da wata ɗabi'a: idan ruwa ya matse ko kamu ya yi yawa, takan fara haihuwa tun tana ƙarama. Sakamakon haka shi ne tafki cike da ƙananan kifi masu ƙwai, waɗanda raga mai inci uku ba ta riƙe su. Masunci ya rage ido don ya samu na ci, kifi ya ƙara ƙanƙancewa, shi kuma ya ƙara ragewa, har a kai ga gidan sauro. A wani binciken da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2003 kan tafkunan kudancin Afirka, Eyolf Jul-Larsen da Jeppe Kolding da abokan aikinsu sun nuna cewa a ruwayen da ke cika suna ja da baya sosai, yawan ruwan shekara ya fi yawan masunta tasiri a kan kamu, kuma kama ƙananan kifaye masu saurin hayayyafa ba lallai ne ya kashe tafki ba. Robin Welcomme ya riga ya nuna makamancin haka a 1979 game da kogunan fadama: kamun bana yana bin cikowar bara da ta bara waccan.

Mutanen ƙasar Hausa sun ga wannan da idonsu. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, fadamar Haɗeja da Nguru ta ƙanƙance, kamu ya ragu tare da ita. Haka madatsar Bakolori ta yi wa masunta da manoman fadama na ƙasan kogin Sakkwato. Ba yawan taru ne ya jawo wannan ba. Don haka ni ban yarda a ɗora wa masuncin Tono laifin raguwar kifi shi kaɗai ba, alhali noma har bakin ruwa yana tura laka cikin dam, maganin feshi yana gangarowa da ruwan sama, kuma manufar gwamnati ta barin shingen itatuwa a gaɓar ruwa tana jiran mai zartarwa.

Wannan ba ya nufin a sakar wa kowa mara. Akwai kayan da babu wata hujjar kimiyya ko ta yunwa da za ta wanke su: guba, ko ta magimfa ce ko ta kanti, abin fashewa, tarun ja da ke share ƙasan ruwa ya rushe ramukan da karfasa ke haƙa don ƙwai, da icen gora da ke kama uwa a kan ƙwanta. Karfasar da ta fi yawa a waɗannan ruwaye a baki take renon ƙwai da 'ya'ya, saboda haka kama uwa ɗaya a mazubar ƙwai kashe ɗaruruwa ne.

7.0 Hurumin Ruwa

Misalin da kowane Bahaushe ya sani shi ne Matan Fada a Argungu. Jama'a sun fi kallon ranar bikin kamun kifi, da dubban masunta da ke rugawa cikin ruwa da homa da goran su, da giwan ruwa mai kilo 78 da aka fitar a 2020. Mai nazarin su kuwa sauran kwanakin shekara ya kamata ya duba, lokacin da wannan yanki na kogi yake a rufe ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Bikin a sigarsa ta yau ya faro ne a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma hana su a gurbi har sai an ba da izini ya girmi bikin. Babu wanda ke ƙirga kifi a Matan Fada. An iyakance wuri, an iyakance lokaci, an iyakance kaya, kuma wanda ya karya ƙa'ida a gaban mutanen da suka san gidansu zai amsa.

Arewacin Gana na da irin wannan tushe. A ƙasashen Frafra da Dagomba da Mamprusi akwai tindana, wato mai ƙasa, Kasena ma suna da nasu, kuma a wurare da dama shi yake ba da izinin ranar da gari zai shiga gurbi su na gayya da rani. A Paga, arewa da Navrongo kaɗan, kadoji suna zaune a tafkunan cikin gari ba mai taɓa su. Musulmin zango ba ya bukatar ya karɓi aƙidar da ke bayan wannan hani kafin ya gane amfaninsa, domin a fiƙihunmu ma akwai hurumi, filin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a, kuma kalmar tana nan da rai a bakin Hausawa game da makiyaya da maƙabarta da kewayen gari.

Tafkin Kainji ya nuna yadda tsohon iko da sabon ilimi za su haɗu. A shekarun 1990, aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya bi ƙauyukan masunta yana ƙirga jirage da raguna da kamu, ya gano cewa dala, tarun ja mai ƙaramin ido da ake kamun warangi da shi, tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye masu yawa. Jihohin Neja da Kebbi suka haramta ta, aka kuma bi ta hannun sarakunan ruwa wajen lasisi da sa ido. Ƙirgen da aka yi a can na sanin halin tafki ne, ba na ƙayyade wa mutum rabonsa ba, kuma wannan bambanci shi ne zuciyar wannan maƙala. A cikin Gana kanta, matan da ke tsintar kawa a bakin kogin Densu kusa da Akara sun rufe wa kansu ruwa na wata biyar tun daga ƙarshen 2017, suna kuma maimaitawa. Manufar gwamnati ta 2020 kan haɗa hannu da al'umma wajen kula da su ta buɗe wa irin wannan ƙofa.

Tsarin gargajiya ba shi da tsarki daga aibi. Baƙon masunci, wanda sau da yawa shi ne gwani, yakan tarar da ƙa'ida ta fi tsanani a kansa fiye da ɗan ƙasa, kuma mata masu banda, waɗanda jarinsu ne ke sayen raga a wurare da yawa, ba a cika kiransu zaman shawara ba. Duk kwamitin da aka kafa babu waɗannan biyu, a takarda zai tsaya.

8.0 Abin da Ya Dace da Tono

Tono ta fi sauran ruwayen uku sauƙin farawa, domin iyakarta a bayyane take, ƙauyukan da ke kewaye da ita sanannu ne, kuma ana auna tsayin ruwanta saboda noma. Sai dai rufe dam ɗin ɗungurungum da damina, kamar yadda ake yi a teku, kuskure ne. Watannin Yuni da Yuli su ne lokacin da rumbu ke ƙarewa a wannan yanki kafin geron farko ya nuna, kuma hana kifi a wannan lokaci hana abinci ne. Abin da ya kamata a rufe shi ne bakunan rafukan da ke zuba cikin dam da ciyayin gefensu, daga ruwan farko har ƙarshen Agusta, a kafa turaku kowa ya gani, a bar tsakiyar ruwa ga mai raga da mai ƙugiya. Da bazara kuma, lokacin da kifi ya taru a zurfin da ke kusa da bangon dam, wannan wuri ya zama hurumi, kada tarun ja ya shiga. Wanda aka karɓe wa gidan sauro ko taru a musanya masa da raga mai ido halal, kamar yadda Ailan ta biya waɗanda ta hana, domin ƙwace kaya ba tare da madadi ba sabon taru kawai yake haifarwa.

Ƙirga kuwa a yi shi, amma a inda yake da amfani. Navrongo gari ne da cibiyar binciken lafiyarsa ta shafe fiye da shekara 30 tana rubuta haihuwa da mutuwa gida-gida, a nan ne kuma aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen gidan sauro mai magani a shekarun 1990. Garin da ya iya wannan zai iya ajiye littafi a kowace kwata, a rubuta daro nawa aka sauke, wane iri, da tsawon kifi goma daga kowane daro, a jera shi da tsayin ruwa na wannan mako. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin, da na sashen nazarin kifi na jami'ar da ke Nyankpala, za su iya ɗaukar wannan aiki tare da matan da ke sayen kifin. Bayan damina uku za a san ko raga ce ke cin Tono ko laka.

Farin Volta da Oti sai an haɗa da maƙwabta, kuma hukumar kwarin Volta ta ƙasashe shida da ke Wagadugu ita ce wurin da ya kamata a kai maganar lokacin sakin ruwan Bagre da idon masunci, ba na manomi kaɗai ba. Amma Tono ba ta jiran kowa daga waje. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba majalisar Kassena-Nankana ikon kafa dokar cikin gida. Kira a nan shi ne ga majalisar, da fadar Navro-Pio, wato sarkin Navrongo, da masu ƙasa na ƙauyukan bakin dam, da ICOUR, da hukumar kamun kifi, da sarkin zango: su zauna da masunta da mata masu banda tun da rani, su shata bakunan rafuka, a kafa turakun kafin ruwan farko na watan Mayu ya sauka.